Majigi ko Takarda? Muhawara Kan Yadda Ake Gabatar da Bayani a Gaban Taro

A kamfanin Amazon, taron manya da shiru yake farawa. Daraktoci su shigo su zauna, a miƙa wa kowa takarda mai shafi shida, kowa ya duƙufa karatu, wasu da biro a hannu suna ja wa layuka, har kusan rabin sa'a babu mai cewa uffan. Sai an gama karatun ake buɗe baki. Ba a kunna majigi, ba a rage hasken ɗaki. Tsarin ya faro ne a 2004, lokacin da mai kamfanin, Jeff Bezos, ya aika wa manyan mataimakansa saƙo cewa an daina shigo da PowerPoint zauren shawara; duk mai magana ya zauna ya rubuta ta da cikakkun jimloli.

Ba a cika shekara uku ba, ranar 9 ga Janairun 2007, Steve Jobs na kamfanin Apple ya hau dandamali a San Francisco domin nuna wa duniya wayar iPhone. A bayansa akwai ƙaton allo mai duhu, kuma abin da ke fitowa a kansa bai wuce hoto ɗaya, ko adadi ɗaya, ko 'yan kalmomi ba. Har yau masu koyar da dabarun jawabi suna kunna wa ɗalibansu bidiyon wannan rana su ce haka ake yi.

Kamfanoni biyu ke nan da suka yi zarra a zamaninsu, ɗaya ya kori majigi daga zauren shawara, ɗaya ya hau kansa ya sayar da hajarsa. Tsakanin waɗannan biyun ne muhawarar take, kuma ta shafi malamin jami'a, da jami'in lafiya mai bita, da ɗalibar da za ta kare kundin digirinta gobe da safe.

Manhajar da ake ta cece-kuce a kanta, wato PowerPoint, ta fito ne a Afrilun 1987 daga wani ƙaramin kamfani a California mai suna Forethought, aikin Robert Gaskins da Dennis Austin. Fari da baƙi ce kawai a lokacin, kuma amfaninta shi ne tsara shafukan da za a buga a kan leda mai garai-garai a ɗora kan fitilar majigi. Cikin 'yan watanni Microsoft ta saye kamfanin a kan dala miliyan 14. Kafin nan, mai son shafuka masu kyau sai ya kai aikinsa wurin masu zane ya jira kwanaki, ya kuma biya kuɗi a kan kowane shafi, don haka ba ya yin shafin da ba ya bukata. Da manhajar ta zo, shafi ya zama kyauta. Daga nan ne albarkar ta fito, daga nan kuma matsalar ta fito.

Hujja mafi nauyi da masu suka suke riƙe da ita tana da rayuka bakwai a cikinta. Ranar 16 ga Janairun 2003 kumbon Columbia ya tashi daga Florida. Daƙiƙa 82 bayan tashinsa, wani gutsuren soson kariya ya ɓalle daga jikin tankin mai ya daki fiffikensa na hagu. Kyamarori sun ɗauki abin, kuma kumbon yana can sararin samaniya har kwana 16, wato akwai lokacin da za a zauna a auna haɗarin. Injiniyoyin Boeing suka shirya wa jami'an hukumar NASA rahotanni uku, duka a shafukan majigi, jimillarsu 28.

A cikin shafukan akwai ɗaya da ya yi suna. Kanunsa, da manyan baƙaƙe, yana ba mai karatu kwanciyar hankali: nazarin gwaje-gwajen baya ya nuna cewa lissafin da ake amfani da shi yakan zuzuta ɓarna fiye da yadda take. A ƙarƙashin kanun aka jera gutsattsarin jimloli masu ɗigo, wani ƙarƙashin wani har hawa shida, baƙaƙen suna ƙara ƙanƙancewa. Can ƙasa, a layin da ido ke isa a gajiye, aka rubuta abin da ya kamata ya tsayar da taron cak. Gutsuren da aka yi gwajin da shi bai fi ƙwan kaza girma ba, wanda kuwa ya daki kumbon an ƙiyasta ya ninka shi sau 640. Ma'ana, gwajin da aka jingina da shi ba shi da abin da zai iya faɗa game da wannan dukan. Masu yanke shawara suka tashi da fahimtar cewa babu abin tsoro. Ranar 1 ga Fabrairu, kumbon yana dawowa, iska mai tsananin zafi ta kutsa ta ramin da ke fiffiken, ya tarwatse a samaniyar Texas da mutum bakwai a cikinsa.

Edward Tufte, tsohon farfesa a jami'ar Yale wanda ya yi fice kan yadda ake nuna alƙaluma, ya ɗauki wannan shafi ya feɗe shi layi-layi. Kwamitin da ya binciki hatsarin ya saka nazarin nasa a rahoton da ya fitar a watan Agustan shekarar, ya kuma bayyana yawaitar amfani da shafukan majigi a maimakon rubutaccen rahoton injiniya a matsayin alamar gurguwar hanyar sadarwa a NASA. A 2005 ma, wasu mambobi bakwai na kwamitin da ya sa ido kan dawo da tashin kumbo sun koka cewa sau da yawa idan suka nemi bayanan gwaji, shafukan majigi ake miƙo musu.

Abin da Tufte ke cewa ya wuce batun injiniyan da bai iya rubutu ba. A ganinsa, manhajar tana da hali nata da take ɗora wa mai amfani da ita. Shafi ɗaya yakan ɗauki kalmomi kamar 40, abin da mutum zai karanta cikin daƙiƙa takwas. Saboda ƙarancin fili, sai a yanyanka tunani, kuma abin da ake fara yarwa shi ne ƙananan kalmomin da ke ɗaure magana: saboda, amma, sai dai idan, duk da haka. Layuka masu ɗigo suna iya jera abubuwa biyar a kafaɗa ɗaya ba tare da sun faɗi wanne ya haifi wanne ba, ko wanne ya fi wanne nauyi. Mai gabatarwa zai iya tsallake wurin da bai fahimta ba, babu wanda zai lura, har shi kansa. Dalilin Bezos ke nan kusan kalma da kalma. Ya ce rubuta takardar bayani mai kyau ya fi shirya shafuka 20 wuya, domin jimla tana tilasta wa mai ita ya nuna yadda abubuwa suke haɗe. Daga baya ya shaida wa masu hannun jari cewa takarda mai inganci tana cin mako guda ko fiye, ana rubutawa ana sakewa.

Sojojin Amurka ma sun ɗanɗana. A 2009 aka nuna wa Janar Stanley McChrystal a Kabul wani shafi da ya yi ƙoƙarin zana dukkan yaƙin Afghanistan, kibiyoyi sun sarƙe da juna ta ko'ina. Janar ɗin ya ce ranar da suka gane wannan shafi, sun ci yaƙin. H. R. McMaster kuwa tun a 2005 ya hana amfani da manhajar lokacin da yake jagorantar dakaru a Tal Afar ta Iraƙi. Tsoronsa shi ne tana sa mutum ya ɗauka ya fahimci abu kuma yana riƙe da linzaminsa, alhali wasu matsalolin duniya ba sa shiga layuka masu ɗigo.

Wannan zargi yana da ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin bita yana kallon mai jawabi ya juya wa jama'a ƙeya yana karanto abin da kowa ya riga ya karanta, ya san akwai gaskiya a ciki.

Masu kare majigi ba su yi shiru ba. Don Norman, masani kan yadda ake ƙera kaya su dace da mai amfani da su, ya mayar wa Tufte martani cewa jawabi mara daɗi ya girmi PowerPoint da ƙarnoni. Malamai sun sa ɗalibai gyangyaɗi da alli da allo tun kafin a san kwamfuta. A wurinsa, kuskuren shi ne cusa abubuwa uku a mazubi ɗaya: bayanan da mai jawabi ke dubawa don tuni, da abin da ake haska wa jama'a, da takardar da za su tafi da ita gida. Kowanne da aikinsa. Idan aka matsa wa shafi ɗaya ya yi duka ukun, zai yi yawa ga mai kallo, ya yi kaɗan ga mai karatu. Gaskins, wanda ya ƙirƙiro manhajar, ya faɗi makamancin haka a 2007 da ta cika shekara 20: ba a yi ta don ta maye gurbin cikakken rahoto ba, an yi ta ne don taƙaita abin da aka riga aka yi dogon tunani a kansa. Shi da kansa, da yake neman a amince da aikin, takarda mai shafi 53 ya rubuta, shafukan majigin da suka raka ta kuwa 'yan kaɗan ne.

Game da Columbia ma akwai abin cewa. Rahoton kwamitin bai ɗora laifin kan manhaja ita kaɗai ba. Soso ya sha ɓallewa a tashe-tashen baya ana dawowa lafiya, har manya suka saba da shi suka daina ganinsa a matsayin haɗari. Injiniyoyi sun nemi a roƙi sojoji su ɗauko hoton fiffiken da tauraron ɗan'adam, shugabanni suka soke buƙatar. Akwai kuma matsin lamba na cika jadawalin tashi. Hukumar da ta riga ta tsayar da ranta cewa babu matsala za ta iya tsallake gargaɗi ko a rubutaccen rahoto yake. Hatsarin kumbon Challenger na 1986 shaida ne: an yi shi kafin PowerPoint ta fito, injiniyoyi sun yi gargaɗi kan sanyi a daren da ya gabata, aka yi watsi da su.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce wadda ta fito daga binciken yadda mutum ke koyo. Richard Mayer na jami'ar California a Santa Barbara ya shafe shekaru yana gwada ɗalibai, yana koya musu abubuwa kamar yadda walƙiya ke samuwa ko yadda birkin mota ke aiki, wasu da kalmomi zalla, wasu da kalmomi da zane. A littafinsa na 2001 ya tattara sakamakon: waɗanda suka ji bayani suna ganin zane sun fi iya amfani da abin da suka koya wajen warware sabuwar matsala. Dalilin shi ne ido da kunne kowanne yana da hanyarsa ta shigar da bayani, kuma kowace hanya tana da iyakar abin da za ta ɗauka a lokaci guda. Idan zane ya bi ta ido, murya ta bi ta kunne, an raba kayan. Bahaushe ya riga ya ce gani ya kori ji. Binciken ya ƙara da cewa gani da ji tare sun fi kowannensu shi kaɗai.

Sai dai gwaje-gwajen nan ba su wanke kowane shafi ba. Mayer ya gano cewa idan ana nuna zane ana bayani da baki, aka kuma rubuta kalmomin da ake faɗa a kan allon, fahimta raguwa take yi, domin ido ya rabu biyu. Ya kuma gano cewa ƙawa da ba ta da alaƙa da darasi, kamar kiɗa ko hoton da aka sa don ado, tana rage abin da ake riƙewa. John Sweller na jami'ar New South Wales a Ostareliya, wanda ya kafa nazarin nauyin da ƙwaƙwalwa ke iya ɗauka, ya kai matsaya ɗaya: a yi magana a kan zane, kar a karanto wa mutane rubutun da ke gabansu. Wato kimiyyar da ke goyon bayan majigi ita ce kuma ta yi tir da yadda akasarin mutane ke amfani da shi.

Wanda ya nuna iyakar abin da allo zai iya yi shi ne Hans Rosling, likita ɗan Suwidin da ya yi aiki a Nacala ta arewacin Mozambik daga 1979 zuwa 1981. Ya taɓa gwada ɗalibansa, zaɓaɓɓu a fannin lafiya: ya ba su ƙasashe bibbiyu har sau biyar, su faɗi wadda ta fi yawan mutuwar yara. Matsakaicin abin da suka ci bai kai biyu cikin biyar ba, ƙasa da abin da mai canke ido rufe zai samu. Ya gane cewa abin da ke damunsu tsohon hoton duniya ne da ya kafu a kansu, na ƙasashe masu arziki a gefe ɗaya da matalauta a gefe ɗaya. A taron TED na Fabrairun 2006 ya haska zane guda: kowace ƙasa ƙwallo ce, girmanta gwargwadon yawan jama'arta, gefe ɗaya yawan 'ya'yan da mace ke haifa, ɗaya gefen tsawon rai. Ya fara daga 1962, ya saki shekaru suka yi ta gudu, ƙwallayen Asiya da Latin Amurka suka yi ta matsawa wajen ƙananan iyalai da tsawon rai, shi kuma yana bin su da murya irin ta mai sharhin wasa. Mutane suka ga da idonsu yadda cutar ƙanjamau ta janyo wasu ƙasashen Afirka ƙasa a shekarun 1990. Cikin 'yan mintoci ya kawar da abin da lacca ta shekara ba ta kawar ba. Babu takardar shafi shida da za ta yi wannan aiki, domin motsin shi ne hujjar.

A nan ne kuma ya kamata masu kare majigi su tsaya su yi hattara, domin ƙarfin da ya taimaki Rosling ba ya tambayar gaskiya kafin ya yi aiki. Kwana huɗu bayan tarwatsewar Columbia, ranar 5 ga Fabrairun 2003, sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya zauna a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya gabatar da hujjojin cewa Iraƙi na ɓoye makaman ƙare-dangi. Shafukansa tsaf suke: hotunan tauraron ɗan'adam da kibiyoyi da akwatunan bayani, da zanen manyan motoci da aka ce ɗakunan haɗa ƙwayoyin cuta ne masu yawo. Zanen motocin ba hoton abin da aka gani ba ne, an zana shi ne da kwamfuta bisa labarin wani ɗan Iraƙi mai neman mafaka a Jamus, wanda a 2011 ya amsa cewa ƙarya ya yi. An shiga yaƙi a watan Maris, ba a sami makaman ba, Powell kuma daga baya ya kira jawabin tabo a tarihinsa. A Columbia mummunan shafi ya binne gaskiya. A gaban Kwamitin Sulhu kuwa, kyakkyawan shafi ya yi wa zato rigar tabbaci. Mai kallon hoto da kibiya a kansa ba shi da damar komawa baya ya tambayi daga ina aka samo, shafi na gaba ya riga ya hau.

Da aka gwada abin kai tsaye, sakamakon bai faranta wa masoya manhajar ba. A 2017 wasu masu bincike a jami'ar Harvard suka sa mutane su gabatar da shawara kan wata matsalar kasuwanci, wasu da PowerPoint, wasu da manhajar Prezi, wasu da baki kawai. Masu kallo ba su fifita masu PowerPoint a kan masu baki kawai ba, sun dai ɗan fi yaba wa masu Prezi. Bincike ɗaya ne, kuma ra'ayin masu kallo ya auna, amma ya isa ya girgiza tunanin cewa hawa dandamali ba majigi kamar zuwa gona ba fartanya ne.

Idan aka dubi misalan nan da kyau, za a ga ɓangarorin biyu ba taro iri ɗaya suke magana a kai ba. Jobs kansa shi ne shaida. Marubucin tarihinsa, Walter Isaacson, ya ruwaito cewa a tarukan cikin gida na Apple ba ya son a zo masa da shafuka, yana ganin wanda ya san abin da yake faɗa ba ya bukatarsu. Mutumin da ya fi kowa iya majigi a gaban dubbai shi ne ba ya son ganinsa a teburin da ake yanke shawara. Taron da mutum goma za su auna haɗari, su kashe kuɗi, ko su tura wasu inda za su iya mutuwa, yana bukatar hujja da kowa zai bi da saurinsa, ya koma baya, ya ja layi, ya kama inda ta yi rauni. Taron da mutum ɗari biyar suka zo su ga sabon abu ko su fahimci sauyi yana bukatar abin da ido zai kama daga kujerar ƙarshe. A na farko Tufte da Bezos ne da gaskiya, kuma gaskiyarsu ta fi yadda ake ɗauka, domin yawancin ofisoshi har yanzu da shafuka suke yanke shawara. A na biyu Rosling ne.

Maganar cewa laifin mai amfani ne kawai ba ta gamsar ba. Wanda ya buɗe manhajar, abin da ke fara tarar sa shi ne gurbin kanu a sama da gurbin layuka masu ɗigo a ƙasa, kuma mutum mai gaggawa abin da aka shimfiɗa masa yake cikawa. Kayan aikin da miliyoyin mutane ke kuskure iri ɗaya da shi yana da kaso a kuskuren.

Takardar ma tana da nata tsadar, wadda masu yabonta ba su cika faɗa ba. Tana cin kwanaki. Tana fifita mai alƙalami a kan mai basira da rubutu ke ba shi wuya, musamman inda harshen aiki ba shi ne harshen uwa ba. Ba ta kuma da amfani ga taron da rabinsa ba ya karatun boko. Ma'aikaciyar lafiya da ke bayanin haɗa ruwan gishiri da sukari ga mata a ƙauye, hoto take bukata, ko ma kofi da cokali a hannu. A irin wannan wuri allo mai hotuna da ake juyawa da hannu ya fi majigi, tunda ba ruwansa da ɗaukewar wuta.

A jami'o'i da ɗakunan bita na arewacin Najeriya da Nijar, majigi ya zama kamar sharaɗi. Ɗalibi ya kwafo babi-babi na kundinsa ya zuba a shafuka, ya tsaya yana karantawa, malamai suna duba agogo. Ga hasken rana da ke shigowa ta taga yana cinye rubutun, ga janareta da kan tsaya a tsakiyar jawabi. Wanda duk iliminsa ke kan allo, da wuta ta ɗauke shi ma ya ɗauke. Abin takaici ne, domin jama'ar nan ba baƙin sauraro ba ne. Malamin tafsiri da mai jan baƙinsa suna riƙe masallaci cike har sa'a biyu a watan azumi da murya da tsarin magana kawai. Al'ummar da ke da wannan gado bai kamata ta yarda cewa jawabi ba ya cika sai da layuka masu ɗigo ba. Akwai kuma wata al'ada da ta ƙara dagula lamarin: bayan taro sai a ce a turo shafukan ta WhatsApp. Mai gabatarwa ya san za a nema, don haka yake cika su da rubutu tun farko. Maganin shi ne na Norman: a rubuta takarda daban, ko da shafi biyu ce, ita za a tura.

Ga wanda majigi ya dace da taronsa, gyaran da ya fi kowanne amfani shi ne wanda Michael Alley na jami'ar Penn State ya daɗe yana koya wa injiniyoyi. Kanun shafi ya zama cikakkiyar jimla mai faɗin abu, ba ta wuce layi biyu ba, ƙarƙashinta kuma a sa shaida da ido zai gani: zane, hoto, taswira ko ɗan gajeren jadawali. Maimakon a rubuta "Sakamakon gwaji", a rubuta abin da gwajin ya nuna. Gwaje-gwajen da shi da abokan aikinsa suka yi da ɗalibai sun nuna an fi fahimta da tunawa da wannan tsari. Amfaninsa na ɓoye ya ma fi: wanda ya kasa rubuta jimlar ya gano tun a ɗakinsa cewa bai san abin da shafin ke cewa ba. Da an tilasta wa injiniyoyin Boeing wannan ƙa'ida, zai yi wuya bambancin nan na sau 640 ya ƙare a layin ƙarshe.

Sauran ƙa'idojin da ake yawan ambata suna da amfani gwargwado. Guy Kawasaki ya shawarci masu neman jari da shafi 10, minti 20, da baƙaƙe masu girman 30. Masu zanen gine-gine biyu a Tokyo, Astrid Klein da Mark Dytham, sun ƙirƙiro tsarin PechaKucha a 2003: hoto 20, kowanne daƙiƙa 20, jawabi ya ƙare a minti 6 da daƙiƙa 40. Duka biyun takunkumi ne ga mai yawan magana, amma ba za su cece shi ba idan bai san abin da yake son jama'a su tafi da shi ba. Abin da ya fi lissafin shafuka muhimmanci shi ne mutum ya je ɗakin kafin taro, ya zauna a kujerar baya ya ga ko rubutun na karantuwa, ya guji bambanta abubuwa da ja da kore kawai saboda masu matsalar ganin launi, ya kuma rubuta a ƙasan kowane zane inda aka samo alƙaluman. Idan magana ta koma kan abin da ba ya bukatar hoto, a duhunta allon, idanu su dawo kan mai magana.

Yanzu muhawarar ta shiga sabon babi. Tun 2023 Microsoft ta saka mataimakin Copilot a cikin manhajojinta, wasu kamfanoni ma suna da irinsa, kuma mutum zai iya rubuta layi biyu na umarni ya sami shafuka 15 masu launi da hotuna cikin minti ɗaya. Ga ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da mai zane, wannan sauƙi ne na gaske. Amma koken Tufte da Bezos tun farko shi ne shafuka suna barin mutum ya tsaya gaban jama'a bai gama tunani ba, kuma a da aƙalla sai ya zauna ya zaɓi kalmomin da kansa. Shugaban sashe a jami'a ko a ma'aikata da ke son sanin ko na ƙasa da shi ya fahimci aikinsa, kyan shafuka ba zai ƙara gaya masa komai ba. Dole ya nemi a rubuto masa hujjar, ko ya kashe majigin ya yi tambaya.